Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Boss Mustapha, daga wani falken Wonaka

Zuwa ga Mai girma Boss Mustapha,
Sakataren Gwamnatin Tarayya, kuma shugaban kwamitin shugaban ƙasa kan cutar korona,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka daga Wonaka, cikin ƙaramar hukumar Gusau ta jihar Zamfara, a goman ƙarshe na azumin 2022. Sana'ata fataucin hatsi. Ina sayen wake da waken suya da masara a kasuwanninmu na Wonaka da Mada da Tsafe, in kai Funtuwa ko Dawanau ta Kano. Rabin rayuwata a kan kwalta take, don haka duk dokar zirga-zirgar da kwamitinka ya kafa tun Maris na 2020 a jikina ta sauka. A farkon watan nan na ji a rediyo kun janye dokar hana fitar dare, kun kuma sassauta wa masu shigowa ta jirgin sama. Da alama an kusa naɗe tabarma a rubuta rahoton nasara. Kafin a rufe rahoton, ina so a sa tamu a ciki.

Bari in fara kawar maka da wani zato. Ba na cikin masu cewa korona ƙarya ce. Ina da abokan ciniki a Kano, na san yadda aka yi ta jana'izar dattawa a watan Afrilu na 2020 har masu haƙar kabari suka jigata. Daga baya ministan lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 ne suka rasu a ɗan tsakanin nan, kuma rabi ko fiye ana danganta mutuwarsu da cutar. Ciwon da ya shiga fadar shugaban ƙasa ya ɗauki Abba Kyari ba abin wasa ba ne. Hana shiga da fita saboda annoba kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji yadda Sayyadina Umar ya juyo daga hanyar Sham da aka ba shi labarin annoba ta ɓarke a can. Da aka ce a zauna, mun gane dalili. Yadda aka tafiyar da zaman ne ya ƙona mana rai.

Daga farkon Mayu zuwa 1 ga Yuli na 2020 kun hana tafiya daga jiha zuwa jiha, kuka ce ban da motocin abinci. A takarda ke nan. A kan hanya kuwa kowane shinge da farashinsa. Motar hatsi ce, doka ta ba ta hanya, amma sai yaron mota ya sauka ya je ya gaisa. Ni dai ba a auna zafin jikina ba, aljihuna aka yi ta aunawa. Kuɗin nan kuma ba daga ribata ya fita ba, a kan kowace tiya aka raba shi, matar da ta auno a Kurna ko Rijiyar Lemo ita ta biya.

Wata rana da almuru muna dab da iyakar Zamfara da Katsina, sai direban wata ƙaramar mota da ke gabanmu ya gangara gefe ya sauke fasinjansa kaf. 'Yan kabu-kabu na jira a gindin wata kuka. Mata da goyo, ɗalibai da jakunkuna, wani tsoho riƙe da ledar magani zai koma ganin likita, duk aka ɗora su bibbiyu da uku-uku aka kutsa da su daji. Motar ta wuce shinge fayau, ta tsaya can gaba tana jiransu. Ranka ya daɗe, ka san ko wane daji ne wannan? Dajin da ko da rana tsaka mutum ba ya ratsa shi sai da addu'a a bakinsa. Dokar da aka kafa don tsare ran talaka ita ta sauke shi daga kwalta ta miƙa shi hanyar masu satar mutane, ta kuma ninka masa kuɗin mota. Wasu a saman buhunanmu suke kwanciya, a ja tamfol a rufe su, suna shaƙar numfashin juna har a wuce, a daidai lokacin da kuke fitowa talabijin da yamma kuna cewa a ba da tazara. Da an bar su cikin mota da gilashi a buɗe da ya fi musu lafiya.

Ba mu kaɗai muka gani ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta doka, alhali cutar kanta a lokacin 11 ta kashe. Maganar tallafi kuwa ba sai na ja ba. A Oktoban shekarar kowa ya ga rumbunan da aka fasa a Legas da Jos da Kaduna, ga shinkafa da taliya jibge, watanni bayan an ce wa mutane su zauna gida da yunwa.

Mu a Zamfara kulle biyu muka sha. Ba mu gama miƙewa daga na korona ba sai ga na tsaro a farkon Satumba na 2021. Gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Na san wannan ba aikin kwamitinka ba ne. Na kawo shi ne don a daidai lokacin kuka matsa lamba kan rigakafi. Rajista ta intanet, kati kuma ba ya cika kati sai sunan mai shi ya hau kwamfuta. A Oktoba ka sanar da bakinka cewa daga 1 ga Disamba ma'aikacin gwamnatin tarayya ba zai shiga ofis ba sai da shaidar allura ko ta gwaji. A ranar da kake wannan sanarwa, mutumin ƙauyenmu sai ya shiga Gusau kafin ya samu ya kira ɗan'uwansa ya yi masa ta'aziyya.

To, ga maganar allura, wadda ita ce ta sa na ɗauki biro. Na sha jin manya a rediyo suna cewa jahilci ne ya hana mutanen karkara fitowa. Akwai jahilci, ba na musu. An ce allurar na mayar da dantse maganaɗisu, cokali ya manne. An ce tana kashe haihuwa. An ce duk wanda ya yi ba zai kai shekara biyu ba. Waɗannan ni ma dariya suke ba ni. Shugaba Buhari da mataimakinsa sun miƙa hannu a gaban kyamara ranar 6 ga Maris na 2021, kuma ba abin da allurar ta yi musu. Matan garinmu da suka yi sun haihu, mun je suna mun ci tuwo. Amma in ka tsince waɗannan ka zubar, akwai tambayoyin da suka rage, kuma masu yin su ba wawaye ba ne.

Alƙaluman hukumar NCDC sun ce korona ta kashe mutum 3,100 da ɗoriya a faɗin Najeriya cikin shekara biyu. A Zamfara waɗanda aka rubuta ta kashe ba su kai goma ba. Na yarda ba a yi gwaji sosai ba, ainihin adadin ya ɗara haka. Sai dai a 2021 kaɗai amai da gudawa ya kashe sama da mutum 3,500 a ƙasar nan, kuma jiharmu na cikin waɗanda ya fi yi wa ta'adi. Zazzaɓin cizon sauro, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana cin kusan ran mutum 200,000 a shekara a Najeriya, akasarinsu yara ƙanana. Sanƙarau na 2017 a nan ya fi ƙamari. Gubar dalma ta 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara kwarmata abin. Mutumin da ya ga duk wannan, in ɗansa ya kwanta da zazzaɓi a rubuta masa takarda ya je ya sayo magani, har ruwan da za a ƙara wa yaron da safar hannun mai yi masa allura, sannan a wayi gari ana bin shi har ƙofar gida da allurar kyauta ta cutar da bai taɓa ganin mai ita a ƙauyensu ba, me kake so ya ce a ransa?

Wata gyatuma a unguwarmu, da masu rigakafi suka zo, daga bakin zaure ta ba su amsa. Ta ce, "In kun damu da mu haka, mi ya hana ku tahowa ranar da anka kore muna shanu?" Ma'aikatan suka yi shiru, kuma ban ga laifinsu ba. Ba su ke da amsar ba. Amsar tana Abuja da Gusau.

Akwai kuma tarihi. A 1996, lokacin da sanƙarau ya yi ɓarna a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwaji da yara kusan 200, rabinsu aka ba wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi musu haka, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Shari'a ta ja har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Duk arewa an san wannan labari, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin. Sai ga kwalabe ɗauke da sunan kamfanin nan sun iso asibitocinmu a ƙarshen 2021. Ba na cewa allurar yau ita ce maganin jiya. Ɗaruruwan miliyoyin mutane sun karɓe ta a Amurka da Turai da Saudiyya kafin ta zo mana, wannan ba gwaji a ɓoye ba ne. To amma wa ya tsaya ya faɗi hakan da Hausa, ya ambaci Kano da sunanta, ya ce ga abin da ya faru, ga abin da ya bambanta? Wanda ya ambaci Kano da ƙarfi shi ne gwamnan Kogi, Yahaya Bello, ɗan jam'iyyarku, a Janairun 2021, kuma don ya ce allurar ta kisa ce. Shi aka yi ta turawa a waya. Ku kuwa kuka kauce wa zancen kamar ba a yi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle, kuma tsawa ba ta hana shi.

Haka aka yi da AstraZeneca. Kashin farko, kusan miliyan 4, ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris na 2021 ta shirin COVAX. Cikin watan nan muka ji a BBC da DW cewa ƙasashen Turai da dama sun dakatar da ita saboda daskarewar jini. Daga baya bincike ya nuna abin yana faruwa, amma da wuya ƙwarai, kuma haɗarin cutar ga tsofaffi ya fi haɗarin allurar nesa ba kusa ba. Rabin farko na labarin ya iso Wonaka cikin kwana ɗaya. Rabin ƙarshe har yau yana hanya. Sannan ranar 22 ga Disamba aka nuna katafila tana niƙe allurai sama da miliyan 1 a wani juji a Abuja saboda wa'adinsu ya ƙare. Dokta Faisal Shuaib, shugaban hukumar da ke kula da rigakafin, ya yi bayani cewa ƙasashen da suka ba mu kyautar sun kawo su ne da ɗan guntun wa'adi. Na yaba masa da ya yi abin a fili. Amma abin da aka ɗauka a tasha shi ne, ashe ragowar da ta kusa lalacewa ake aiko mana.

Ba don in goyi bayan ƙin allura nake wannan lissafi ba. Mun san abin da ƙi ya jawo mana. A 2003 Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa. Kano ta yi kusan shekara ba ta koma ba. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, kuma a 2006 yaran da ta kama a Najeriya sun haura 1,000. Wasunsu yanzu samari ne, muna ganinsu a bakin kasuwa a kan kekunan guragu. Zargin nan bai tabbata ba, yaran ne suka biya. Abin da nake so ka duba shi ne yadda aka fita daga ramin. An tura wakilai, da malamai a ciki, suka je ƙasashen waje suka ga gwaji. Kano ta karɓi maganin da aka yi a Indunusiya. Gwamna Ibrahim Shekarau ya kawo 'yarsa aka ɗiga mata a bainar jama'a. Daga 2006 masu rigakafi suka fara zuwa da sabulu da gidan sauro da maganin tsutsar ciki, don an gane uwa ba ta son a zo mata da abu ɗaya tak wanda ba shi ta roƙa ba. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da sarakuna suka shiga, abin ya sauko har kan hakimai da masu unguwa. Shekaru aka yi ana lallashi kafin ranar 25 ga Agusta na 2020, da aka ce Afirka ta rabu da shan inna na daji. Wannan ilmi yana nan a hukumar da Dokta Faisal ke shugabanta. Abin mamaki, da korona ta zo sai aka fi dogara da barazanar hana shiga ofis da hana hawa jirgi.

Ni na yi allurar, duka biyun. A gindin darbejiya aka yi mini ta farko, gaban wani ɗan asibitin sha-ka-tafi. Yarinya ce ma'aikaciyar, sa'ar 'yata, ga akwatin sanyi a gefenta, ga waya tana ɗagawa sama tana neman layi ta shigar da sunana. Na tambaye ta wace iri ce za ta yi mini, ta juya kwalba ta karanta mini. Na tambaye ta in jikina ya rikice cikin dare ina zan nufa, tunda ba mai bin hanyar Gusau bayan duhu. Ta ce in sha farasitamol. Na ce in abin ya fi ƙarfin farasitamol fa? Ta yi murmushi ta ce, "Baba, Allah zai kiyaye." Allah ya kiyaye, zazzaɓin kwana ɗaya na yi. Amma gaskiya ita ce, ranka ya daɗe, kati ne ya kai ni wurin. Ina son sauke farali, an ce ba kati ba tafiya. Irina suna da yawa, kuma a rahotonku za a lissafa mu cikin waɗanda suka gamsu. Wasu ma ba su miƙa hannu ba. A tasha an san ana samun kati da kuɗi, ba tare da allura ta taɓa fata ba. In doka ta ce takarda take so, takarda za a kawo mata.

Zancen farali shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Tun kafin korona na zuba kuɗin kujera biyu, tawa da ta mahaifiyata. Kuɗin wake ne na shekaru, da bijimin da aka sayar. A 2020 Saudiyya ta taƙaita Hajji ga mazauna ƙasarta. A 2021 ta ce mutum 60,000, su ma na cikin gida. Tsohuwa ta yi haƙuri, maƙwabta har sun fara kiran ta Hajiya tana hana su. Bana aka ce mutum miliyan 1, da allura, da gwajin da bai wuce awa 72 ba, kuma ban da wanda ya haura shekara 65. Lokacin da muka biya ba ta kai ba. Yanzu ta wuce. Ta yi allurar, don ni na kai ta da kaina na ce mata ita ce mabuɗin tafiya. Kujerun Najeriya sun dawo 43,008 daga 95,000, kuɗin kuma ana maganar naira miliyan 2.5, alhali a 2019 miliyan ɗaya da rabi ne. Na san dokar shekaru ta Saudiyya ce, ba taka ba. Amma kai ne Sakataren Gwamnati, hukumar alhazai ba ta fi ƙarfin kiranka ba. A fito a gaya wa tsofaffin nan matsayin kuɗinsu. In ajiyewa za a yi, a ba su tabbacin su ne kan gaba duk ranar da aka ɗage sharaɗin. In mayarwa za a yi, a tuna nairar da suka zuba ba ita ce ta yau ba.

A Disambar bara, da Ingila ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa saboda nau'in Omicron, gwamnatinku ta tashi tsaye. Ministoci suka yi magana, jakadanmu a Landan ya kira abin wariya, cikin kwana tara aka janye. Na ji daɗi, don an yi mana rashin adalci. Sai dai na lura, da doka ta taɓa masu zuwa Landan hutun ƙarshen shekara an san zafinta nan take. Tamu ta hanyar Tsafe ba ta sami jakada ba.

A Afrilun 2020 ka faɗa wa shugabannin majalisa cewa ba ka san harkar lafiyar ƙasar nan ta lalace haka ba sai da aka ba ka wannan aiki. An yi maka ca a kai, ni kuwa na ga ka faɗi gaskiya, abin da ba kasafai ake ji daga mai irin kujerarka ba. Saboda wannan magana ne na ga kai ya dace in rubuta wa. Wata annoba za ta zo, ko muna raye ko ba ma nan. In za a sake rufe hanya, a zauna da shugabannin direbobi da 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi tun kafin a sa hannu, su za su gaya muku inda shinge zai koma kasuwa da inda zai tura mutane daji. Akwatin sanyin da ya iya kawo allurar korona har Wonaka zai iya kawo ta sanƙarau da ta ƙyanda, motar da ta ɗauko shi kuma ba za ta gaza ɗauko maganin zazzaɓi da na tsabtace ruwan rijiya ba, ga damina na ƙaratowa.

Sannan a aiko mana da likita mai jin Hausa, wanda ba ya fushi da tambaya. Ya zauna ranar kasuwa, bayan an sauko daga azahar, a tambaye shi Trovan, a tambaye shi daskarewar jini, a tambaye shi alluran da aka niƙe, ya ba da amsa, inda akwai haɗari ya ce akwai, ya faɗi girmansa. Ni zan shimfiɗa tabarma in tara masa mutane, har da gyatumar nan. Sai dai a gaya masa ya taso daga Gusau da hantsi, kuma ya shirya komawa kafin la'asar ta yi sanyi, don bayan nan direbobinmu ba sa lodi.

 

Naka,
Wani falken hatsi,
Wonaka, jihar Zamfara.
Afrilu, 2022.